Zoben Tsuntsu A Kasuwar Litinin

Duk wanda ya sauka Yerwa ya koma gida bai shiga Kasuwar Litinin ba, to, a zaure ya tsaya, bai ga cikin gida ba. Sunanta dai na Litinin, amma babu ranar da ba ta ci. Ga alama sunan gado ne daga Kukawa, domin Baturen nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, da ya sauka can a 1851 ya tarar babbar kasuwar birnin ran Litinin take ci, kuma ya rubuta labarinta da tsawo. Rabe ya ci Kukawa a 1893, daga baya Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa a 1907, sarauta ta taso, fatake suka biyo ta da ranar kasuwarsu.

Na shiga kasuwar nan a watan Nuwamba na 1971, ina saurayi, na sake shiga a watan Nuwamba na 2024 da sanda a hannu. Tsakanin shiga biyun nan kasuwa ta ga abin da ya ishe ta. An tayar da bama-bamai a cikinta da bakinta a 2014 da 2015. Gobara ta cinye mafi yawanta a daren 26 ga Fabrairu na 2023, kwana ɗaya bayan zaɓen shugaban ƙasa. An gyara, mutane sun fara komawa, sai madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a daren 9 wayewar 10 ga Satumba na 2024, ruwan Ngadda ya shigo gari har cikin rumfuna. Da na zo, ana iya ganin zanen da ruwa ya bari a jikin bango, a wani wurin ya wuce kan mutum. Duk da haka ƙanshin turaren wuta da humra yana nan inda na bar shi, masu hula zanna sun jera kayansu, 'yan mata da lafaya suna ciniki da Barbarci suna dariya, mai soyayyar fara yana ta auna wa yara.

Amma ba cinikin turare ya kai ni ba. Wani tsohon almajirina ne ya ce mini akwai wani dattijo mai sayar da banda a gefen 'yan kifi, mutumin Doron Baga, wanda ke da wani abu da ya tabbata zan so in gani. Masu karatu sun san babban cinikin kifi a Tashar Baga ake yinsa, a can ake ɗaure kwalaye a loda wa manyan motoci zuwa Anacha da Inugu da Ikko. Na Kasuwar Litinin 'yan tsibi ne, na masu cefane. A nan muka tarar da dattijon zaune a kan buhu, tarwaɗa ƙyafaffiya a gabansa an lanƙwashe ta baki da wutsiya.

Bayan mun gaisa, na yi masa jajen ruwa, ya yi mini barka da hanya, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da gwangwanin man shafawa, ya buɗe, ya zazzage mini wani ɗan zobe a tafin hannu. Na gorar ruwa ne, watau farin ƙarfen nan marar nauyi, bai kai faɗin ƙwayar gyaɗa ba. Na sa tabarau na duba. Akwai lambobi a jiki, sa'an nan ga kalma ɗaya da haruffan boko, sunan birnin Mosko.

Ya ce, "Malam, a ƙafar tsuntsu na cire shi. Ya faɗa mini a koma ne da asuba, shekarar da aka yi juyin mulkin Murtala. Mutane suka ce tsuntsun wani sarki ne, wasu suka ce na aljannu ne, kada in ci. Ni dai na ci, ga ni kuwa har yau."

Na ce, "Baba, wane irin tsuntsu ne?"

Ya faɗi sunansa da Barbarci, sa'an nan ya kwatanta: tokatoka ne, ya fi kurciya tsawon ƙafa, bakinsa matsakaici, suna sauka dubbai a bakin ruwa da gonakin shinkafa in sanyi ya shigo, kuma a garke guda za ka ga manya da ƙanana kamar ba iri ɗaya ba. Tun bai rufe baki ba na gane shi. Shi ne wanda Turawa ke kira raf. Manyan maza ne, ƙananan mata.

A nan ya kamata in koma baya kaɗan, don mai karatu ya san yadda aka yi malamin makaranta daga Zariya ya san sunan tsuntsu da Turanci. A hutun ƙarshen 1971 na hau jirgin ƙasa ta Kafanchan da Bauchi da Gombe har Maiduguri, wadda a lokacin ita ce hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas. Hanyar jirgin sabuwa ce, a 1964 ta iso. Niyyata in ga Tafkin Chadi da nake koya wa yara a taswira ban taɓa gani ba. Na biya 'yan sulalla na hau bayan motar kifi, muka bi ta Gajiram da Monguno da Kauwa, kimanin mil 120, muka isa Baga jikina duk ƙarnin banda. A masaukin da na samu akwai wani Bature mai aikin binciken kifi, shi ya ara mini madubin hangen nesa da wani littafi mai zanen tsuntsaye, ya ce in tashi kafin rana ta fito.

Ban manta safiyar nan ba. Hazo ya kwanta, ruwa da sama sun zama launi ɗaya, ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Can sai na ji wani gunji kamar iskar hadari, na ɗaga kai, ashe tsuntsaye ne suka taso daga makwancinsu. Garken raf ya yi ta wucewa a kaina har wuyana ya gaji. A bakin taɓo kuwa ga ƙananan masu dogon baki suna ta sassarfa suna tsokana laka, wani ya tsaya yana kaɗa gindi kamar mai jin sanyi. Daga baya-baya kwasakwasa sun yi sahu suna kora kifi, zalɓe ya ƙame shi kaɗai kamar an dasa shi, kirinjijiya na ta fito, dinya ta ɗaga kai tana gadi. Wasu Buduma biyu suka wuce a kwalekwalen da aka ɗaure da ciyawar ruwa, shanunsu masu kumburarren ƙaho suna iyo a baya. Tsuntsayen ko gezau.

Waɗanda suka fi ɗaukar mini hankali su ne wasu farare-farare masu siririn fiffike, da ba sa sauka sai kaɗan. Suna tafe a sama da ruwa kamar tsawon mutum biyu, baki a sunkuye, sai ka ga ɗaya ya karkace ya tsinci wani abu a fuskar ruwa ya wuce, ko jiƙa ƙirjinsa bai yi ba. Turawa na kiran danginsu tan. Ni kuwa tun ranar nake ce musu tsattsewar ruwa, saboda tashinsu da 'yar rabuwar wutsiyarsu, kuma da wannan suna zan ci gaba da kiransu.

Abin da littafin Baturen ya koya mini, wanda daga baya na ƙara karantawa, shi ne mafi yawan waɗannan tsuntsaye baƙi ne. A ƙasashen Turai mutane na ɗaukar madubi su tafi bakin teku da mashigin koguna a watannin Yuni da Yuli da Agusta, lokacin zafinsu, don kallon tsattsewar ruwa da masu dogon baki suna sheƙa suna kiwon 'ya'ya. Mu a lokacin damina ce, shamuwa ce baƙuwarmu, su kuwa waɗannan ba sa nan sai 'yan ƙalilan da ba su isa aure ba. In sanyi ya doso can, ƙwari suka ɓace, ruwa ya fara daskarewa, sai su kamo hanyar kudu. Su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara mai faɗin fiye da kilomita 1,500, kuma babban ruwan da suke fara tararwa a wannan sashe shi ne Chadi. Daga Satumba suke fara isowa, su koma a Maris da Afrilu. Watau rabin shekara suna wajenmu. To, ashe ba daidai ba ne a ce tsuntsayen Turai ne kawai, tun da zamansu a nan ya kai na can, in ma bai fi ba.

Wani abin dariya game da raf, mu ba mu taɓa ganinsa da kayan sallah ba. A can arewacin Turai da Saibiriya, cikin Mayu da Yuni, namijin kan fitar da wani tulin gashi a wuya da kunne, na wani fari, na wani ja, na wani baƙi, su taru a dandali suna rawa suna zuga juna, mata na zagayawa suna zaɓe. Kafin ya iso Barno duk ya zubar, ya shigo mana da rigar toka kamar almajiri. Ita kuwa tsattsewar ruwa mai farin fiffike, wadda ke sheƙa daga gabashin Turai zuwa tsakiyar Asiya, tana ɗan yi mana kara. In mutum ya je bakin ruwa a ƙarshen Maris zai ga wasu sun fara rinewa, kai da ƙirji sun koma baƙi wuluk, fiffike fari. Da ka ga haka, sallama ce suke yi. Akwai wata 'yar'uwarsu da ke bin gaɓar teku ta wuce ta yammacin Afirka ba ta biyo ta Chadi ba, wadda masu bincike suka ɗaura wa na'ura suka tarar tana cin kimanin kilomita 70,000 a shekara, daga ƙarshen arewacin duniya zuwa ƙarshen kudu da komowa. Nauyinta bai fi na sabulun wanka ɗaya ba.

Zoben da ke hannuna kuwa aikin masu binciken tsuntsaye ne. Sukan kafa raga mai laushi su kama tsuntsu, su auna shi, su maƙala masa zobe mai lamba da sunan ofishin da ya bayar, su sake shi. In wani ya tsince shi a wata ƙasa ya aika da lambar, sai a san inda ya bi da shekarun da ya yi. Na dattijon nan bai koma ba. Wani ma'aikaci a Rasha ya rubuta lambar a littafi, ya jira, watakila har ya mutu bai san tsuntsunsa ya ƙare a tukunyar miya a Doron Baga ba.

Ba yau baƙi suka fara mamakin tsuntsayen Chadi ba. Manjo Denham, abokin tafiyar Clapperton, ya hango tafkin daga Lari a watan Fabrairu na 1823. Ya ba da labarin cewa ya ɗauki bindiga ya gangara, ya tarar da agwagi da kwasakwasa da sauransu ba sa ko gudunsa, har ya zauna yana kallo ya daɗe yana nauyin harbi. Bayansa da shekara tamanin Boyd Alexander, soja kuma masanin tsuntsaye, ya zo da jiragen ruwa na ƙarfe ya yi ta fama da ciyawar tafkin a 1904 da 1905. Ƙanensa Claud ya rasu a Maifoni a 1904, shi kuma aka kashe shi a ƙasar Wadai a 1910, aka kawo gawarsa aka binne kusa da ɗan'uwansa. Maifoni kuwa yau cikin Maiduguri take. Sa'an nan a 1967 wata ƙungiyar masana tsuntsaye ta Ingila ta aiko da mutanenta Malamfatori, inda Komadugu Yobe ke shiga tafki. Abin da suka gano ya ba da mamaki: ƙananan tsuntsaye da ba su fi babban yatsa ba suna tsayawa nan makonni suna cin ƙwari da 'ya'yan itace, har wasu su kusa ninka nauyinsu da kitse, sa'an nan su tashi da dare su tunkari hamada. Kitsen nan shi ne guzurinsu. In bakin tafki bai ciyar da su ba, a rairayi za su faɗi.

Haka kuwa aka yi. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, da ya saba cika musu shinge da kuka, fiye da kashi biyu cikin uku nasa bai komo ba. Da aka bi diddigi aka gane ƙarancin ruwan sama ne a ƙasashenmu na bakin Sahara. Tsuntsu ya kai wa Turawa labarin fari tun shekara huɗu kafin jaridunsu su buga hoton shanunmu a kwance a 1973.

Tafkin da na gani a 1971 ya riga ya fara ja da baya, ni ne ban sani ba. A 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Da yake ba shi da zurfi, kuma kusan kashi tara cikin goma na ruwansa daga kogin Shari da Lagone yake zuwa, in damina ta gaza a can kudu shekara biyu uku sai gaɓa ta gudu. Farin 1972 zuwa 1974 ya raba shi biyu, na arewa da na kudu. Na 1984 ya bar buɗaɗɗen ruwan bai kai kashi ɗaya cikin goma na da ba. Babban aikin noman rani da aka kafa a Marte, aka haƙa magudana don jawo ruwan tafki, ya wayi gari bakin magudanar a busasshiyar ƙasa. Giwan ruwa ya yi ƙaranci, tarwaɗa da karfasa masu jure ruwan fadama suka gaje wurin, shi ya sa su ne a gaban dattijona. Mutanen bakin tafki dai ba su zauna kuka ba. Suka bi ruwa, inda ya janye suka shuka masara da wake a danshi. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya, domin an cika cewa Chadi na gab da ƙafewa: hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna tun daga shekarun 1990 bai ci gaba da raguwa ba, sai dai yawancinsa ya ɓuya ƙarƙashin ciyawa, kuma a 2022 da 2024 ya yi cikar da ta kori ƙauyuka.

Abin da fari bai yi ba, bindiga ta yi. An ƙone Baga a Afrilun 2013, aka sake afka mata a Janairun 2015, kashe-kashen da duniya duka ta ji. Dattijon nan a wannan karon ya fito, da ƙafa, shi da jikoki biyu. Ya ce bai ɗauki komai ba sai rigar jikinsa, gwangwanin kuwa dama a aljihun rigar yake kwana. An hana fataucin kifin tafki na wani lokaci, an mai da wasu mutane Baga a 2020, amma shi bai koma ba. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Malam, in na koma wa zan tarar?" Ban ƙara tambaya a kan wannan ba.

Muka koma zancen tsuntsaye, nan fa bakinsa ya buɗe. Ya ce masunci na gari ba ya raina tsattsewar ruwa, inda ka ga sun taru suna sunkuye to ƙananan kifi sun taso, manya kuwa na ƙarƙashinsu. Ya ce akwai wanda in ya iso sun san ruwa ya kusa kaiwa maƙurarsa, akwai wanda in ya tafi sai a fara gyaran jinka. Ya lissafa mini sunaye sun fi ashirin, wasu da Barbarci, wasu da Hausar masuntan Kabi da suka zauna a Doro, wasu da Budumanci. Na yi ta rubutawa a bayan takardar magani har wuri ya ƙare. A nan ne raina ya ɓaci. Muna da cibiyar nazarin tsuntsaye a Jos, muna da jami'a a cikin Maiduguri kanta, amma jikokin mutumin nan da suka tashi a sansanin gudun hijira ba su san ko suna biyar daga cikin ashirin ɗin ba. Baturen da ya zo daga Landan ya san tsuntsun da sunan Latin, ɗan masunci bai san shi da harshen uwarsa ba. Wannan aiki ba ya bukatar kuɗin ƙasar waje. Littafin rubutu ne da biro, da ɗalibin da zai zauna gaban tsoho kafin a kai tsohon makwancinsa.

Kada kuma a ce na ɓoye laifinmu. Ana ɗana wa baƙin nan tarko da raga, ana zuba musu hatsi mai guba, ana kai su kasuwa a soye. Manomin shinkafa yana ganin raf ɓarawo ne, alhali mafi yawan abin da yake tsinta zubabben hatsi ne bayan girbi. Feshin da ake yi wa jan-baki daga jirgin sama ba ya tambayar sunan tsuntsu. Ba zan ga laifin mai yunwa da ya kama ɗaya ya ci ba, dattijona ma ya ci. Mai guba ne ban yafe wa ba, don yana kashe ɗari ya sayar da hamsin, ya kuma ciyar da mutane abin da ya kashe su da shi.

Mai karatun da ke son ganin abin da na gani a 1971, ba zan ce masa ya kama hanyar Baga ba sai ya tambayi mutanen gari da hukuma halin da hanya ke ciki a ranar. Amma akwai fadamun Hadejiya da Nguru, waɗanda ruwansu daga ƙasar Kano da Bauchi yake gangarowa. A can ne Dagona take, cikin gandun daji na ƙasa na yankin Chadi da aka kafa a 1991, inda mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filib, ya je kallon tsuntsaye a 1989. An lissafa fiye da iri 370 a wannan yanki, kuma a watan Janairu masu ƙidaya kan fita su ƙirga na ruwa. Su ma fadamun suna da nasu ciwo, tun da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka canza yadda ambaliya ke sauka, ga kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Duk da haka, in mutum ya je tsakanin Disamba da Fabrairu, ya fita da sanyin asuba, ya sa tufa marar haske, ya bar rana a bayansa, ya zauna shiru, ba zai yi da-na-sanin kuɗin mota ba.

Da la'asar ta yi na nemi dattijon ya sayar mini da zoben, na ce zan aika da lambar inda ta fito. Ya yi murmushi ya ce in kwafi lambar dai, zobe kuwa yana nan. Na kwafa. Na sayi tarwaɗa tsibi biyu, ya ƙara mini ɗaya gyara, ya ce in zan bi ta gadar Gwange in duba hannun dama, ruwan da ya yi ɓarna bai gama janyewa ba.

Na bi ta can. Ƙarƙashin gada yara na wanka, mata na wankin tabarmi da ruwa ya lalata, ga tarkacen katifu da robobi sun maƙale a jikin ciyawa. A gefen wani kududdufi masu dogon baki uku suna tsokana laka, ɗaya na kaɗa gindi. Na tsaya jingine da ƙarfen gada har aka kira magariba, ina ƙirga tsattsewar ruwa da ke kai da komowa a kan Ngadda. Na samu bakwai, sai mai Keke Napep ya ce ko in hau ko ya tafi.